Na kashe Wi-Fi ɗin kwamfutata, yanzu ya ɓace: ta ina zan dawo da shi?

Tambaya daga wata ɗaliba a Yelwa, Bauchi: "Assalamu alaikum Yaya. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta hannu ce, Windows 10 ke kanta, kuma da hosfot ɗin wayata nake shiga intanet. Na lura da zarar na haɗa su sai data ta riƙa zurarewa kamar ruwa a kwando, sai wata ƙawata ta nuna mini inda zan kashe Wi-Fi ɗin. Na kashe, ban ma riƙe inda muka shiga ba. Yanzu alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya, sai wani ɗan hoton duniya a kusa da agogo. Wani ya ce sai an yi fomatin, wani ya ce katin ne ya ƙone. Furojet ɗina yana ciki. Yaya zan dawo da shi, kuma ta ina ya kamata in riƙa kashewa da kunnawa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki. Abu biyu nake so ki yi tun kafin ki gama karanta amsar nan. Ki nemi filashi ki kwafe furojet ɗinki yau, ba gobe ba. Sannan kada ki miƙa kwamfutar nan ga duk wanda kalmar farko da ta fito daga bakinsa ita ce fomatin, wato goge abin da ke cikin kwamfuta a sake ɗora mata Windows. Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan cikin gari, wajen Wunti, kuma irin matsalarki tana cikin waɗanda suka fi zuwa teburina. Yawancinsu ko ƙusa ɗaya ba a kwancewa ake gamawa.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗauka makunnin Wi-Fi ɗaya ne. Makunnan suna da yawa, kuma a jere suke a kan layi guda. Ki duba wutar gidanku. Kafin ƙwan fitilar ɗakinki ya kama, sai an kawo wuta, sai katawut yana zaune a gurbinsa, sai canji-oba yana ɓangaren da ya dace, sannan a zo ga makunnin bango. Idan wani ya zare katawut, ko kwana kika yi kina danna makunnin bango ba za ki ga haske ba, alhali ƙwan lafiyarsa ƙalau. To haka Wi-Fi yake. Akwai makunnin da ke fuskar Windows, akwai na jikin kwamfutar, akwai inda ake kashe katin kansa a cikin Windows, akwai wani can ƙasa a cikin BIOS, wato tsarin da ke tashi tun kafin Windows, sannan ga katin da ke zaune a cikin kwamfutar. Inda aka kashe, nan za a koma a kunna.

Ke kuwa kin riga kin gaya mini inda kuka kashe, ko da yake ba ki sani ba. Idan da makunnin fuskar Windows aka kashe Wi-Fi, maɓallinsa ba ya ɓacewa; yana nan, launinsa ne kawai ke dusashewa, kina dannawa ya dawo. Amma idan maɓallin ya ɓace ɗungurungum, har kika shiga "Settings" ba ki ga sunan Wi-Fi a jerin ba, to Windows ce ta daina lissafa katin a cikin kayan da ke aiki. Zatona mai ƙarfi shi ne ƙawarki ta kai ki inda ake danna "Disable".

Ga yadda za ki koma can. Ki riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows, ki danna harafin R. Ɗan akwati zai buɗe. Ki rubuta wannan a ciki, ki danna Enter:

ncpa.cpl

Shafin da zai fito yana nuna duk hanyoyin da kwamfutarki ke bi ta shiga intanet. Za ki ga "Ethernet", wato ta kebul, wataƙila da ta Bluetooth, sai kuma mai suna "Wi-Fi". Idan hotonsa ya yi toka-toka kuma an rubuta "Disabled" a ƙasansa, kin kama ɓarawon. Ki ɗora linzami a kansa, ki danna maɓallin dama, ki zaɓi "Enable". Ki jira 'yan daƙiƙu, ki duba kusa da agogo. Ga masu Windows 7 da ke karanta wannan, sunan nasu "Wireless Network Connection" ne, amma aikin ɗaya ne.

Idan kuwa babu Wi-Fi a shafin kwata-kwata, sai mu ƙara sauka. Ki sake buɗe ɗan akwatin, ki rubuta devmgmt.msc. Wannan shi ne "Device Manager", rajistar duk kayan da ke jikin kwamfutar. Ki buɗe layin "Network adapters". Za ki ga sunaye da yawa, kada su tsorata ki. Wanda muke nema shi ne mai ɗauke da kalmar "Wireless" ko "WLAN" ko "Wi-Fi" ko lambar 802.11, kuma galibi sunan kamfanin da ya ƙera katin ne ke gaba: Intel, Realtek, Qualcomm Atheros, Broadcom ko MediaTek. Mai kalmar "Ethernet" ko "GbE" na kebul ne. Masu suna "WAN Miniport" kuwa ki bar su yadda kika same su.

Ki kalli ɗan hoton da ke gefen sunan da kyau, don shi ne ke magana. Ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa tana nufin a kashe yake, sai ki danna dama ki zaɓi "Enable device". Wannan da wancan shafin na farko ƙofa biyu ne na ɗaki ɗaya. Abin da aka kashe a can, a nan ma a kashe zai nuna. Alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku tana nufin katin yana nan amma direbansa, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin, ta samu tangarɗa. Idan kika buɗe shi za ki iya ganin lamba 10 ko 43. Idan kuma ba ya cikin jerin amma kin ga "Network Controller" da alamar ruwan ɗorawa a ƙarƙashin "Other devices", to katin lafiya lau yake, direban ne babu.

A nan ne zan ja kunnenki. A cikin wancan jerin zaɓin, kusa da "Disable device", akwai "Uninstall device". Idan da shi ƙawarki ta yi amfani, abin da sauƙi matuƙar ba ta sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a goge direban ba: ki shiga "Action" a saman shafin, ki danna "Scan for hardware changes", sai Windows ta sake gano katin. Idan kuwa an goge direban kuma Windows ba ta da wani a ajiye, sai an sauke sabo. Mutane kan tsaya cirko-cirko a nan, suna cewa yaya za a sauke abu babu intanet. Kebul ɗin cajin wayarki galibi ya isa. Ki haɗa wayar da kwamfutar, ki shiga inda kike kunna hosfot, ki kunna "USB tethering". Intanet zai shigo ta kebul, ba ruwansa da Wi-Fi. Daga nan ki je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ki nemi direban da lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta. Manhajojin nan da ake yawo da su a filashi, masu cewa za su sabunta miki direbobi duka a danna ɗaya, ban yarda da su ba. Na sha ganin sun ɗora wanda bai dace ba, wasu ma har da tarkacen talla suke shigowa.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan makunnin jikin kwamfuta, domin yawancin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu tsofaffin na ofisoshin Turai da Amurka ne, kuma su ne masu irin wannan makunni. A kan HP EliteBook da ProBook da yawa, akwai ɗan maɓalli a saman madannai mai hoton eriya, da 'yar fitila a jikinsa. Idan fitilar ta yi ruwan goro, a kashe yake. Idan fara ce, ko shuɗiya a tsofaffi, a kunne yake. A HP na gida kuwa sau da yawa maɓallin F12 ne ke wannan aikin. Dell Latitude irin su E6410 da E6420 suna da ɗan makunni a gefe wanda ake turawa gaba ko baya, waɗanda suka biyo bayansu kuma da yawa maɓallin Fn na madannai ake dannawa tare da na PrtScr. Lenovo ThinkPad irin T410 da T420 su ma suna da na turawa, ga kuma Fn da F5, sababbinsu kuma F8. A Acer yawanci Fn da F3 ne, Asus Fn da F2, Toshiba Fn da F8. Ba sai kin haddace ba. Ki bi layin maɓallan sama da ido, ki nemi hoton eriya ko na jirgin sama, sannan ki shafa gefunan kwamfutar da yatsa ki ji ko akwai abin turawa.

Dalilin da ya sa wannan makunnin ya fi na Windows ƙarfi a tsofaffin kwamfutoci shi ne ba ya neman izinin Windows. Katin da suke amfani da shi, mai suna mini PCIe, yana da ƙafafu 52, kuma ta 20 ita ce ke karɓar umarnin a yi shiru. Makunnin yana taɓa ta, rediyon katin ya daina watsa komai. Shi ya sa za ki ga katin yana nan a rajista lafiya lau, babu kibiya babu alamar ruwan ɗorawa, amma maɓallin Wi-Fi na Windows ya ƙi motsi, ko ki kunna ya koma da kansa. Wasu masu gyara kan liƙe ƙafar nan da ɗan salatif idan makunnin ya lalace, sai katin ya zauna a kunne kullum. Dabarar tana aiki, amma aikin mai gyara ne, kuma sai an tabbatar makunnin ne ya mutu.

Akwai wani malamin makaranta da ya taɓa tasowa tun daga Ningi da kwamfutarsa a jaka, ya biya kuɗin mota, ya bar ajinsa, saboda sati biyu ba ta ganin hosfot. Ina karɓa na juya gefenta, na ga makunnin ya goce, ga alama wajen sakawa da cirewa daga jaka ne. Na tura shi da farce, fitila ta kama. Abin ya taɓa ni, domin mutumin har ya fara lissafin sayar da ita. Tun daga ranar duk wanda ya kira ni a waya da wannan kukan, abin da nake fara tambaya shi ne ko ya duba gefenta.

A sababbin kwamfutoci, tun daga zamanin Windows 8, maɓallin ya koma mai kunna "Airplane mode" kawai, wato yanayin jirgin sama. Idan kin ga hoton jirgi a kusa da agogo, shi ke nan, ki riƙe maɓallin Windows ki danna A, ki kashe shi. Wani lokaci kuma maɓallin madannai yakan ƙi aiki don an juya aikin Fn. Ki gwada shi shi kaɗai, ki kuma gwada tare da Fn. A Dell da Lenovo da yawa, Fn da Esc ne ke juya wannan. Bayan fomatin ma maɓallin kan mutu har sai an sa masa nasa direban, misali wanda HP ke kira "Wireless Button Driver". Wannan ma wani dalili ne da ya sa fomatin kan ƙara matsala maimakon ya rage.

Fomatin ɗin nan ina da ciwonsa a raina. Wata ɗaliba kamarki ta taɓa zuwa wurina tana kuka, bayan an yi wa tata a wani shago saboda Wi-Fi. Bayanan babi na huɗu da ta yi watanni tana tarawa sun tafi, Wi-Fi ɗin kuma bai dawo ba, domin a BIOS aka kashe shi, inda fomatin ba ya kaiwa. Garin neman gira aka rasa ido.

BIOS shi ne tsarin da ke tashi tun kafin Windows. Ana shiga ne da zarar an kunna kwamfuta, a riƙa danna maɓalli ɗaya da sauri: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. A ciki akwai wurin da ake ba kayan kwamfutar izinin aiki, kuma katin Wi-Fi yana cikinsu, yawanci da sunan "Wireless LAN" ko "WLAN". Idan an cire masa izini a nan, Windows ba za ta ma san akwai shi ba. Wasu kamfanoni kan kashe shi da gangan a kwamfutocin ma'aikatansu, sai ta iso kasuwarmu a haka. A HP na ofis akwai kuma wani zaɓi mai suna "LAN/WLAN Auto Switching", wanda ke kashe Wi-Fi da kansa da zarar an soka kebul ɗin intanet. Mai shagon buga takardu da ke haɗa kebul ya ga Wi-Fi ya ɗauke, nan zai duba. Taki dai tunda tana aiki kafin ranar nan, ba na zaton za ki kai ga BIOS. Idan kin shiga, abin da ya kai ki kawai za ki taɓa. Kada ki sa kalmar sirri, kada ki canja tsarin faifan ajiya, domin wannan na iya hana Windows tashi.

Akwai ƙananan abubuwa da nake gwadawa kafin in zargi kati. Na farko shi ne "Restart", ba "Shut down" ba. Mutane da yawa ba su san bambancin ba. Tun daga Windows 8, kashewar yau da kullum ba cikakkiya ba ce; Windows kan ajiye halin da direbobi suke ciki a faifai don ta tashi da sauri, don haka idan direba ya rikice, da rikicinsa zai kwana ya tashi. "Restart" ne ke farawa daga tushe. Sai kuma zubar da ragowar wuta: a kashe kwamfuta, a zare caja, a cire batir idan mai cirewa ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, a mayar da komai. Wannan yana yi wa kwamfutocin da batirinsu ya mutu amfani sosai, waɗanda ke faɗuwa nan take duk lokacin da aka ɗauke wuta ko aka juya zuwa janareto, domin katin kan maƙale a tsakiyar aiki. Idan kuma matsalar ita ce Wi-Fi ya ɓace duk lokacin da kwamfutar ta farka daga barci, ki buɗe katin a rajista, ki nemi shafin "Power Management", ki cire alamar da ke ba Windows damar kashe shi don tattalin batir. Akwai kuma wani ma'aikaci a bayan fage mai suna "WLAN AutoConfig", ana samunsa ta hanyar rubuta services.msc; dole ya kasance yana gudana kuma a kan "Automatic". Manhajojin da ke alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu sukan tsayar da shi.

To mu koma rabin tambayarki na biyu, wanda a wurina ya fi muhimmanci, domin shi ne zai hana ki komawa gidan jiya.

Don kashewa da kunnawa na yau da kullum, makunnin sama kawai za ki riƙa taɓawa. Ki danna alamar da ke kusa da agogo, ki danna maɓallin Wi-Fi. Windows ma za ta tambaye ki yaushe za ta mayar da shi: da hannunki, ko bayan awa 1, ko awa 4, ko kwana 1. Wannan zaɓin yana da amfani ga mai son ta zauna ta yi rubutu ba tare da saƙonni suna ɗauke mata hankali ba. Yanayin jirgi shi ma ba laifi, amma ki sani yana iya haɗawa da Bluetooth, don haka linzami ko abin saurare marar waya zai ɗauke. Kada ki ji tsoron yawan kashewa da kunnawa, ba ya cinye katin. Yana ɗan taimaka wa batir, sai dai rage hasken allo ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba.

Amma gaskiyar magana, ƙanwata, kashe Wi-Fi ba shi ne maganin zurarewar data ba, tunda dole za ki kunna idan za ki yi bincike, kuma a lokacin ne Windows za ta rama duk abin da ta rasa. Ita kwamfuta idan ta ga Wi-Fi, ɗauka take yi irin na gida ne marar iyaka, sai ta hau sauke sabuntawa. Ba ta san daga wayarki yake fitowa ba, kuma da kuɗin abincinki kika saya. Sai kin gaya mata. Bayan kin haɗa da hosfot, ki danna sunansa, ki shiga "Properties", ki kunna "Set as metered connection". Daga nan za ta san datar a ƙidaye take: za ta jinkirta yawancin sabuntawa, ta rage abin da take yi a ɓoye. Ba ya toshe komai da komai, amma za ki ga bambanci a ranar farko. Ana yin sa ne ga kowane hosfot daban, don haka idan kin ari na ƙawarki ko kin canja sunan naki, sai kin sake. Ki kuma cire alamar "Connect automatically", don kada kwamfutar ta faɗa kan hosfot ɗin lokacin da kika kunna shi don wani dalili daban. Sannan a cikin "Settings", ƙarƙashin "Network & Internet", akwai "Data usage", inda za ki ga abin da kowace manhaja ta sha a kwana 30 da suka wuce. Ki duba shi. Sau da yawa ba ma Windows ba ce, wata manhajar ajiye hotuna a intanet ce, ko shafukan bidiyo da aka bari a buɗe.

Kada kuma ki hana ta sabuntawa har abada. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka manhajar shiga intanet da ta kariya daga ƙwayoyin cuta su ne garkuwarki, kuma suna buƙatar sabuntawa. Ranar da kika samu Wi-Fi mai yalwa ko kika sayi datar dare, ki sake mata mara ta sha.

Ga masu son rubuta umarni, musamman ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na san suna bibiya, a buɗe "Command Prompt" da ikon shugaba, wato "Run as administrator", a rubuta:

netsh interface show interface

don a ga ainihin sunan katin, domin wani lokaci "Wi-Fi 2" ne. Sannan:

netsh interface set interface name="Wi-Fi" admin=disabled

netsh interface set interface name="Wi-Fi" admin=enabled

Na farko ya kashe, na biyu ya kunna. A sani cewa wannan daidai yake da abin da ƙawarki ta yi, maɓallin zai ɓace har sai an rubuta na biyun. Ni ina amfani da shi ne idan haɗin ya sandare, don in girgiza katin ba tare da na kashe kwamfuta ba. A Linux kuwa, wato wani tsarin da ake ɗora wa kwamfuta maimakon Windows, abin ya fi fitowa fili. Umarnin rfkill list zai nuna layi biyu, "Soft blocked" da "Hard blocked". Na farko na manhaja ne, rfkill unblock wifi ko nmcli radio wifi on zai buɗe shi. Na biyu na makunnin jiki ne ko BIOS, kuma babu umarnin da zai buɗe shi sai an je an taɓa makunnin.

Wani abu da zai iya faruwa bayan kin kunna: ki ga Wi-Fi ɗin maƙwabta duka a jere, amma naki hosfot babu. Kada ki koma zargin kati. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma tsofaffin katuna da yawa na farkon kawai suke ji. Idan wayarki tana watsawa a kan 5, ita da kwamfutar kamar kurma da mai raɗa ne. Ki shiga saitin hosfot ki mayar da shi 2.4, a iPhone zaɓin "Maximize Compatibility" ne ke yin wannan. Ki tuna kuma wayoyi da yawa kan kashe hosfot da kansu idan an ɗauki lokaci babu wanda ya hau.

Sai yaushe za a ce katin ne? Sai an duba duk waɗannan, BIOS ya ba shi izini, an zubar da ragowar wuta, amma har yanzu babu shi babu alamarsa a rajista. Ko a nan ma ba na cewa ya ƙone sai na buɗe. Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai akwatin ashana ba, da siraran wayoyi biyu, yawanci baƙa da fara, waɗanda ke bi ta gaɓar murfi su hau bayan allo inda eriya take. Ƙurar hunturu da jijjigar hanya a bayan acaɓa kan sa ya ɗan saki a raminsa, sai a zare shi, a goge ƙafafun, a mayar. Idan kuma kwamfuta ba ta ganin hosfot sai an manna mata waya a jiki, musamman bayan an canja mata allo, to ɗaya daga cikin wayoyin eriyar ce ta fita ko ta tsinke. Idan katin ya mutu da gaske, ana canja shi, amma a kula: wasu tsofaffin ThinkPad da HP ba sa karɓar kowane kati, ThinkPad ya nuna kuskure mai lamba 1802, HP ya nuna 104, su ƙi tashi har sai an cire baƙon. A wasu sababbin siraran kwamfutoci kuma a narke yake a jikin babban allon ciki, ba ya cirewa. Mafita mai sauƙi ga ɗaliba ita ce ɗan Wi-Fi na USB, wanda bai fi kan yatsa ba. A soka shi a gefe, aiki ya ci gaba. Idan za ki saya, ki tafi da kwamfutar a gwada a gabanki.

Ki fara da ncpa.cpl bayan kin kwafe furojet ɗin. Idan bai dawo ba, ki rubuto mini lambar samfurin da ke ƙasan kwamfutar, da sunayen da kika gani a ƙarƙashin "Network adapters" harafi da harafi, da launin fitilar maɓallin Wi-Fi idan tana da shi. Da waɗannan ukun zan gaya miki ko abin na gida ne ko sai kin kawo ta. Allah ya ba da sa'ar furojet.